Itatuwan asali masu ba da inuwa da tara tsuntsaye: abin da ya kamata a sani kafin dashen damina

Duk wanda ya bi sunayen unguwannin Kano a tsanake zai ga kamar jerin itatuwa yake karantawa: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Rimin Kebe. A Kaduna akwai Unguwar Rimi, a Abuja akwai Durumi, a jihar Damagaram ta Nijar akwai Magarya, a Barno kuma akwai Kukawa, garin da Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi ya kafa a 1814. Sunayen suna nan daram a allunan hanya da rajistar masu zaɓe, amma a da yawa daga cikin waɗannan wurare sai an sha yawo kafin a ga itacen da ya ba unguwa sunanta.

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Nguru da Yamai. Ranar 3 ga Afrilun 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ga gidan da ba ya samun wutar lantarki, ga makarantar da ba ta da silin, ga mai sana'a a bakin titi, inuwar itace ita ce kariya ta farko. Don haka kowa ya yarda a dasa itace. Abin da ba a cika tsayawa a tattauna ba shi ne wane itace, a wane wuri, kuma wa zai rene shi.

Itacen asali da baƙon itace

Itacen asali shi ne wanda ya tsiro a yanki da kansa tun kafin mutane su fara jigilar iri daga wata nahiya zuwa wata. Ya saba da ƙasar wurin da yawan ruwan samansa, ya kuma shafe dubban shekaru yana cuɗanya da ƙwari da tsuntsaye da dabbobin da ke wurin. A ƙasar Hausa kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya, ɗinya, kaɗanya, gawo, aduwa, maɗaci, marke, ƙirya da dangin ɓaure duk suna cikin wannan rukuni.

Da yawa daga cikin itatuwan da aka fi gani a gari kuwa baƙi ne. Dogon yaro da mangwaro da zogale daga Indiya da maƙwabtanta suka fito, malaina ma daga Asiya take, turare daga Ostireliya, gwaiba da gwanda da kashu daga nahiyar Amurka. Haka nan siririn itacen adon nan mai ganye a sunkuye da ake jerawa a jikin katangun sababbin gidaje a Abuja da Kaduna da Kano, shi ma ɗan Indiya ne, kuma inuwarsa ba ta isa mutum biyu su zauna ba.

Baƙunta ba laifi ba ce. Mangwaro da zogale suna ciyar da jama'a, babu mai hankalin da zai ce a tumɓuke su. Matsala tana tasowa ne idan gari ya zama iri ɗaya ko biyu kawai yake da su, na asali kuma suka ɓace.

Yadda dogon yaro ya mamaye gari

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, wasu maina, wasu bedi, bai daɗe a Afirka ta Yamma kamar yadda ake zato ba. An yaɗa shi a Gana a zamanin gwamnan mulkin mallaka Gordon Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, daga can kuma aka kawo shi lardin Barno a 1928. Ma'aikatan gandun daji sun so shi saboda yana da saurin girma, yana jure fari, ba ya rabuwa da ganye gaba ɗaya da rani, dabbobi kuma ba su cika damunsa ba saboda ɗaci. Shi ya rufa wa titunan Maiduguri da Katsina asiri, da shi kuma aka yi shingayen tare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar tun daga 1975.

Sai dai dogaro da iri ɗaya yana da haɗari. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya addabi dogon yaro a kewayen tafkin Chadi, a farkon shekarun 1990 kuma aka ga itatuwan suna kakkaɓe ganye suna bushewa a sassan Nijar da arewacin Najeriya. Garin da inuwarsa duka ta rataya a kan itace ɗaya, cuta ɗaya ta ishe shi.

Akwai kuma batun abin da ke rayuwa a jikin itacen. Sinadarin da ke sa manoma jiƙa ganye da ƙwallon dogon yaro don feshin ƙwari, shi ne ke hana ƙwari da yawa zama a kansa. Jemagu da wasu tsuntsaye suna shan 'ya'yansa, har su ne ke yaɗa irinsa, amma tsuntsun da abincinsa tsutsa da ƙananan ƙwari ba ya samun abin kirki a wurin.

Abin da tsuntsaye suka zaɓa

Wata tawagar masana tsuntsaye daga ƙasar Holan, ƙarƙashin jagorancin Leo Zwarts, ta shafe shekaru tana ƙirga tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel, ta kuma buga sakamakon a mujallar Ardea a 2015. Abin da ta gano shi ne, ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara don cin rani a nan suna taruwa ne a kan 'yan itatuwa kaɗan, mafi yawansu masu ƙaya, irin su gawo da aduwa da kandili. A kan dogon yaro da turare kuwa ba a cika ganinsu ba. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, itacen da ya kare kansa da ƙaya ba ya buƙatar cika ganyensa da ɗaci, don haka ƙwari suke samun abinci a kansa, tsuntsaye su biyo su.

Binciken ya kuma nuna cewa kasancewar itace na asali ba ta isa ta sa ya tara kowane irin tsuntsu ba, domin kaɗanya ma ba ta jawo masu cin ƙwari sosai. Amfaninta yana wani wajen: furenta na ƙudan zuma ne, 'ya'yanta na jemagu da mutane. Wannan shi ya sa masana ke ba da shawarar a gauraya iri.

Dangantakar itatuwan asali da halittun wurin tsohuwa ce. Furen kuka fari ne, da magariba yake buɗewa, jemagu ne ke ɗaukar ƙurar furen daga wannan itace zuwa wancan. Haka jajayen furannin ɗorawa masu kama da ƙwallo, jemagu da dare, ƙudan zuma da sassafe. Kowane nau'in ɓaure yana da irin ɗan mitsitsin ƙwaron da ke shiga cikin ɗan ya haɗa barbararsa, kuma da yake dangin ɓaure ba lokaci ɗaya suke nuna ba, su ne rumbun tsuntsaye a watannin da sauran itatuwa ba su da komai. Ko zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, daga gidan wata tsutsa ake samunsa, wadda ke kiwo a kan tsamiya da doka. Cilakowa da tsirya da mujiya sai kogon tsohon itace suke sheƙa, shamuwa kuma manyan itatuwan cikin gari take nema idan damina ta kusa.

Tsarin kurmi: hawa uku

Wanda ya shiga kurmi a bakin rafi a dajin Falgore ko Yankari zai lura cewa sanyin wurin ba daga itace ɗaya yake zuwa ba. A sama akwai manyan itatuwa da ke tare rana. A tsakiya akwai ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya da masu yaɗo. A ƙasa akwai ciyayi da tsirrai masu son inuwa, ƙarƙashinsu kuma busasshen ganye yana ruɓewa yana riƙe laima. Kowane hawa da masu zama a cikinsa. Lambun gida ko harabar makaranta da aka tsara bisa wannan tsari ya fi sanyi, ya fi riƙe ruwa, ya kuma fi tara rai a kan dogon layin itace iri ɗaya da aka share ƙarƙashinsa ƙal ko aka malale da siminti.

Hawa na sama: manyan itatuwa

Waɗannan na fili ne mai faɗi: makaranta, asibiti, harabar masallaci ko coci, maƙabarta, kasuwa, tasha, dandali da gona.

Ceɗiya da durumi da gamji da ɓaure. Su ne itatuwan ƙofar fada da dandali tun da can, kuma daga gamji ne aka samo laƙabin Sardauna Ahmadu Bello. Ceɗiya da durumi suna kamawa idan aka kafa babban reshe a farkon damina, abin da ke sa a sami inuwa da wuri. Ganyen ceɗiya abincin awaki ne da rani. Illarsu saiwa: tana bin laima har ta fasa daɓe da bututu da rijiya, don haka ba a kusanta su da gini.

Tsamiya. Inuwarta mai kauri ce, ba ta cika zubar da ganye duka ba, tana jure fari da iska. Tana da jinkirin girma, takan kai shekara bakwai zuwa goma ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Da wuya wani tsiro ya yi kyau a gindinta, saboda haka wurin zama ta fi dacewa da shi.

Kanya. Ganyenta kore ne kusan duk shekara, inuwarta da sanyi, 'ya'yanta kuma yara da tsuntsaye da birai duk suna so. Akwai namiji akwai mace, macen ce ke 'ya'ya, don haka ya fi kyau a dasa fiye da ɗaya. Ta fi son wuri mai laima.

Ɗorawa. Rassanta suna bazuwa su rufe fili mai faɗi. Daga kalwarta ake daddawa, garinta abinci ne, ɓawon 'ya'yanta kuma ana yin makuba da shi don ƙarfafa daɓe da bango.

Maɗaci. Dogo ne mai kyan inuwa, shi aka jera a tsofaffin titunan unguwannin Turawa a garuruwa da dama. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin itatuwan da ke fuskantar barazana. A gari babban abokin gabarsa shi ne masu sassaƙe ɓawonsa don magani, domin idan aka zagaye gangar jikin da sassaƙa itacen mutuwa yake yi.

Gawo. Ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Inuwarsa tana zuwa daidai lokacin da aka fi buƙatarta, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

Kuka da kaɗanya. Duk biyun sai mai haƙuri. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi 'ya'ya sosai. Kuka kuwa ana iya shuka ta a jere kamar kayan lambu, a riƙa tsinkar ganyen miya tun tana ƙarama, a bar ɗaya ko biyu su girma.

Hawa na tsakiya: na ƙaramin gida

Filin ƙafa 50 sau 100 da aka gina rabinsa ba shi da wurin gamji. Abin da ya dace da shi matsakaicin itace ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ƙofar gida, sai ƙananan itatuwa a gefen katanga.

Ɗinya tana da inuwa mai kyau, furenta na jawo ƙudan zuma, 'ya'yanta baƙaƙe ana sha ana kuma yin maɗi da su, tohonta shi ne ɗinkin da ake kwaɗantawa. Kurna da magarya suna jure ƙarancin ruwa, magarya ma takan fara 'ya'ya cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma ƙayarsu kariya ce ga sheƙar ƙananan tsuntsaye daga kyanwa. Aduwa tana tsayawa da ganye a tsakiyar rani a inda wasu suka gaza, da itacenta kuma ake sassaƙa allo. Gwandar daji da tsada da taura da gauɗe ƙananan itatuwa ne masu 'ya'ya waɗanda yaran birni da yawa sai dai su ji sunansu. Tafashiya tana son gefen magudanar ruwa inda laima ba ta yankewa. Minjirya tana kamawa daga reshe, tana yin shinge, jajayen furanninta kuma da rani suke fitowa su jawo ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da ke shan ruwan fure.

Kalgo da sabara, waɗanda ake sassabewa a ƙone kafin shuka, sun fi ƙarfin yadda ake kallonsu. Binciken da aka yi a gonakin Senegal ya nuna cewa doguwar saiwarsu tana jawo laima daga ƙasa mai zurfi da dare ta sake ta kusa da sama, har geron da ke kusa ya amfana a lokacin fari.

Hawa na ƙasa: tsirrai masu jure inuwa

Wannan hawa ne aka fi mantawa da shi. Shuwaka tana kamawa daga yanki, tana jure inuwa mara kauri, ganyenta na miya, furenta na ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Ɗoɗɗoya ma haka take. Moda, mai dogayen ganye masu kauri kamar takobi, a daji gindin itace da gefen suri take zaɓa, kuma ba ta buƙatar ban ruwa kullum. Giginyar biri takan fito da damina a ƙarƙashin itatuwa, ta koma ƙasa da rani. Yaɗiya da garafuni suna hawa shinge ko darni a bakin inuwa, jajayen 'ya'yan garafuni kuma tsuntsaye ne ke kwashe su. A gefen da rana ke bugawa, 'yan gindin gamba suna ba tsuntsaye iri da kayan sheƙa, mai gida kuma ya sami abin zana.

Ba kowane tsiron daji ne ya dace da gida mai yara ba. Gatarin kurege yana da fure mai ban sha'awa, ja da rawaya, amma duk jikinsa guba ne, musamman saiwar.

Busasshen ganye da ke ƙarƙashin itace taki ne. Idan aka tara shi a gindin itacen maimakon a ƙone, yana rage ƙafewar ruwa, yana kawo tana da ƙananan ƙwari, su kuma su kawo kwaɗi da ƙadangaru da bushiya. Kaskon ruwa mara zurfi da aka ajiye a inuwa yana tara kurciya da hasbiya da kanari da rani, muddin ana zubar da ruwan a wanke kaskon duk bayan kwana biyu don kada sauro ya hayayyafa.

Wane itace a wane yanki

Ruwan sama ne ke yanke hukunci. A yankin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kamar arewacin Yobe da Barno da Jigawa, da jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka fi tsira su ne gawo, aduwa, magarya, kurna, kuka, goriba, kalgo, sabara da anza. A tsakiya, kamar kewayen Kano da Gusau da Bauchi, ana iya ƙara tsamiya, ɗorawa, kanya, ɗinya, marke, ceɗiya, durumi da danya. Daga Zariya zuwa Kaduna da Minna da Abuja, inda ruwan ke kai milimita 1,000 ko fiye, kaɗanya, maɗaci, rimi, doka, maje, gamji da tafashiya suna samun abin da suke so. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce a dubi tsohuwar maƙabarta ko tsohon kufai a yankin, a kuma tambayi dattawa da masu sassaƙa da mata masu daddawa. Itacen da ya tsufa a wurin ba tare da ban ruwa ba, shi ne na wurin.

Dashe da reno

Irin gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa yana da tauri. Ana zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki, ko a ɗan kankare ɓawon kafin a shuka. Ƙwallon kaɗanya kuwa ba ya ajiyuwa, cikin 'yan kwanaki da faɗuwarsa ake binne shi, kuma ya fi kyau a shuka shi a inda zai dawwama, domin saiwa yake fara turawa ƙasa kafin a ga ganye.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yawancin arewa. Dashen watan Satumba bai gama kafa saiwa ba rani zai same shi. Rami mai kamar rabin mita a faɗi da zurfi, da aka gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki, ya wadatar. A cire ledar gaba ɗaya, a yi wa gindin ɗan kwari don tara ruwa, a rufe da ciyawa. Tulun ƙasa da aka binne kusa da dashen aka cika da ruwa yana tsatsafowa a hankali, ya rage wahalar ban ruwa a rani na farko da na biyu. Shinge na ƙaya ko tsohon kwando wajibi ne har itacen ya fi ƙarfin akuya, wato shekara biyu zuwa uku. Manyan itatuwa masu bazuwar saiwa a nisanta su da gini da rijiya da masai da aƙalla mita goma, kada kuma a dasa su ƙarƙashin wayar lantarki.

Akwai masu gudun itace a gida saboda maciji da sauro. Maciji ɓera da tarkace yake bi, don haka tsabtace lungu da rufe rumbu sun fi sare itace amfani, mujiyar da ake kora ma ɓeraye take ci. Sauro yakan fake a inuwa, amma a kwantaccen ruwa yake haihuwa, kwata da tsofaffin tayoyi su ne gidansa.

Darasin Maraɗi da Damagaram

Babban misalin dawo da itatuwan asali a Sahel daga ƙasar Hausa ya fito, kuma ba da dashe aka yi shi ba. A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashe a jihar Maraɗi, yawancin abin da aka dasa kuma yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin kututtura ne masu rai da doguwar saiwa a ƙasa. Idan aka zaɓi toho ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi aka bar su, aka yanke sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoman Nijar suna kiran wannan sassaben zamani.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma. Ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun hana saran gawo, da hukunci mai tsanani. Abin da ya karya gwiwar jama'a daga baya shi ne dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935, wadda ta sa itatuwa a hannun hukuma, har manomi ya riƙa ganin itacen gonarsa a matsayin hanyar jawo tara. Da aka sassauta wannan iko, musamman bayan dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004, sai manoma suka koma renon itace don kansu. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, bisa hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan kimanin hekta miliyan 5. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo.

Darasin ya shafi birni ma. Sabuwar unguwa a bayan gari jiya gona ce, kuma sau da yawa akwai ɗorawa ko kanya ko kututturen marke a filin da aka yanka. Barin irin wannan itace a cikin taswirar gini ya fi dasa sabo arha, ya kuma fi shi saurin ba da inuwa da shekaru masu yawa.

Inda siyasa ta shigo

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da hamada ta fitar a 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 aka farfaɗo a ainihin yankin shirin. Najeriya ta kafa hukumarta ta wannan aiki da doka a 2015 domin jihohi 11: Adamawa, Bauchi, Barno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin arewa 19 da Abuja. A Nijar kuma ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce ranar dashen itace.

A ɗaya ɓangaren, sara bai tsaya ba. Ƙirya da marke suna tafiya a buhunan gawayi, kuma duk lokacin da farashin gas da kananzir ya tashi, itace ne ke biya. Madobiya, wadda aka riƙa sarewa a Taraba da wasu jihohi ana kaiwa ƙasar Sin, sai da yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin jerin da ake sa wa ido a 2016, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku da Sambisa, waɗanda ya kamata su zama rumbun iri, rashin tsaro ya nisanta su da ma'aikatan gandun daji da masu bincike.

Saboda haka idan gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ya ba da sanarwar dasa itatuwa miliyan kaza, akwai tambayoyin da ɗan ƙasa ke da haƙƙin yi. Waɗanne iri ne, kuma kashi nawa ne na asali? A wace gandun reno aka saye su, a kan nawa? A wane wata aka dasa? Wa aka ɗora wa ban ruwa da shinge, kuma akwai kuɗinsa a kasafin shekara mai zuwa? Daga cikin na bara da na bara waccan, nawa ne suke raye? Idan itacen ya girma a gonar mutum ko ƙofar gidansa, na wane ne? Itace nawa aka sare wajen faɗaɗa titi, kuma da me aka maye gurbinsu? Adadin da aka dasa ranar biki ba ya nuna komai sai an sake ƙirgawa bayan rani biyu.

Masu sayar da dashe a bakin titi abin da ake tambaya suke renowa. Ƙungiyar ɗalibai ko ta unguwa da ta nemi kanya 50 ko ɗinya 50 tun watan Janairu ta ba mai gandu dalilin neman irinsu. Musulmi da yawa sun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ƙirga abin da tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen mutum a cikin sadakarsa. Ta fuskar lissafi kuma abin a fili yake: tsamiyar da aka dasa a harabar firamare a wannan damina za ta fara 'ya'ya kafin 'yan aji ɗaya su gama sakandare, kuma za ta iya wuce shekara 100 tana ba da inuwa, idan an sami wanda ya kare ta daga akuya a shekaru ukun farko.